Kafin ka kunna leza mai ƙarfi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sayen lezar hannu, irin mai kama da tocila da ke ƙona takarda ko fasa balan-balan, don Allah ku kula.

Da zarar ƙarfinta ya wuce miliwat 5 (miliwat ma'aunin ƙarfin haskenta ne), ƙifta ido ba zai cece ka ba. Ido kan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya rufe, kafin nan tana iya ƙona tantanin da ke can bayan ido. Wurin ba ya jin zafi, sai dai mutum ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar ganinsa, kuma sau da yawa ba ya warkewa. Wadda ta haura miliwat 500 kuwa, ko ɗigon haskenta a farin bango na iya lahanta ido daga kusa.

Baƙin gilashin rana ba ya kare komai. Nemi tabarau na leza wanda ya dace da launin taka, domin na koriyar leza mai nanomita 532 (lambar da ke nuna launin haskenta) ba lallai ya tare jar leza ba. Kuma kada ka amince da lambar da aka manna a jikinta, masu arahar nan sukan fi ƙarfin da aka rubuta.

Cire agogo da zobe, ka nisanci madubi da gilashin taga, hasken yana dawowa. Kada ka haska mutum, dabba, mota ko jirgin sama. In ka gama, zare batirin ka kulle ta inda yara ba za su kai ba.

Wanda ta haske wa ido, ya ga likitan ido a ranar, ko da bai ji komai ba.