Yadda ɗalibin sakandare zai shirya wa tambayar insha'i a kan Macbeth

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne ba da labari. A tambaye su abin da ya jawo faɗuwar Macbeth, jarumin wasan kwaikwayon Shakespeare mai wannan suna, sai su cika shafi uku tun daga haɗuwarsa da mayu har zuwa mutuwarsa. Mai duba takarda ya san labarin. Hujja yake nema, da wurin da ka samo ta.

Fara da karanta wasan kansa, kashi biyar ne, kuma yana cikin gajerun wasannin Shakespeare. Ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a Sabon Gari da Samaru suna taimakawa wajen tsohon Turancin, amma wanda ya dogara da su kaɗai amsarsa takan fito iri ɗaya da ta sauran 'yan aji. Ku haɗu ku huɗu ko biyar bayan la'asar, ku raba 'yan wasa, ku karanta a bayyane. Don kunne aka rubuta shi.

Sannan ka ware shafi guda ga kowane jigo: son mulki, nadama, ƙaddara da zaɓin mutum. A ƙarƙashin kowanne rubuta fitowa uku da lambobinsu.

Ga misali da nadama. A kashi na 2, fitowa ta 2, bayan kisan Sarki Duncan, Macbeth ne ya firgita da jinin hannunsa, matarsa kuwa tana ganin ɗan ruwa ya isa ya wanke komai. A kashi na 5, fitowa ta 1, ita ce ke tafiya cikin barci tana ta murza hannu, tabon ya ƙi fita a idonta. Shi kuma zuciyarsa ta riga ta bushe: ya sa an kashe abokinsa Banquo ba tare da ya sanar da ita ba, ya aika an hallaka iyalin wani basarake mai suna Macduff. Sun yi musayar hali ke nan. Ɗalibin da ya nuna wannan juyin ya riga ya wuce mai haddace sunaye.

Tambayar ƙaddara tana bukatar kula. Mayun sun yi wa Macbeth albishir da sarauta, amma ba su ce ya kashe kowa ba. A kashi na 1, fitowa ta 7, shi da kansa ya lissafa dalilan da suka hana kisan Duncan, har ya fasa, sannan ya koma kan niyyarsa. Wannan fitowar ce makaminka.

A ɗakin jarrabawa, in minti 40 gare ka, ba da 5 ga tsara amsa, 30 ga rubutu, 5 ga dubawa. Ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni, domin "tattauna" daban take da "kwatanta". Jimlar farko ta faɗi matsayinka kai tsaye. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, hujjarta daga wasan, da yadda ta amsa tambayar. In ba ka tabbatar da lafazin baiti ba, faɗi ma'anarsa da kalmominka.

Kafin ranar, rubuta amsa cikakkiya akalla uku da agogo a gabanka, ka kai wa malaminka ya duba. Ka kuma tambaye shi littattafan da ke cikin manhajar WAEC ko NECO ta shekararku, domin ana sauya su.