Yadda za a haƙa masai da sokawe ba tare da an ɓata ruwan rijiya ba

Ruwan rijiya yana iya fitowa garau, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da naitiret fiye da kima. Naitiret gishiri ne irin wanda ke cikin takin zamani, kuma a gidajen karkara masai yana cikin manyan wuraren da yake fitowa, musamman daga fitsari. Mutum ɗaya yana fitar da kusan kilo 4 na naitirojin, sinadarin da ke komawa naitiret, a shekara. Gida mai mutum 10 kuwa kilo 40 ke nan, kusan abin da ke cikin buhu biyu na takin yuriya, duk yana tsiyaya a rami ɗaya.

Tankin masai na siminti ba ya kashe wannan sinadari. Aikinsa shi ne ya riƙe dagwalo ya kwanta a ƙasa. Ruwan da ke fita zuwa sokawe yana tafe da amoniya, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, kuma da zarar ya haɗu da iskar da ke cikin ƙasa, ƙananan halittu sai su juya shi ya koma naitiret. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a ƙasa, su mutu bayan ɗan lokaci. Naitiret ba ya maƙalewa. Inda ruwa ya bi, nan yake bi. Shi ya sa rijiyar da ta tsira daga ƙwayoyin gudawa tana iya kasa tsira daga gare shi.

Kafin a sa diga, a duba gangaren fili. Inda ruwan sama ke kwaranya, yawanci nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yake nufa, don haka rijiya ta kasance a tudu, masai a gangare. Tsakaninsu kada ya gaza mita 30, wato ƙafa 100, kusan taku 40 na babban mutum. A jigawa mai yashi, ko inda akwai dutse mai tsagu kamar yankunan Kano da Zariya, a ƙara nisa, domin tsagar dutse tana kai ƙazanta nesa ba tare da ta tace ba. Filin 50 da 50, daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙafa 70 ne kacal. Ke nan masai da rijiya ba sa zama lafiya a fili irin wannan, kuma masan maƙwabci da ke bayan katanga shi ma yana cikin lissafi. Inda gidaje suka matse, gara unguwa ta haɗu a haƙa rijiya ɗaya ko burtsatse a gefen tudu, nesa da gidaje da turken dabbobi.

Zurfi ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan ma ana yin kuskure. Wasu suna cewa a haƙa sokawe har sai an taɓo ruwa don kada ya cika da wuri. Wannan zuba najasa ne kai tsaye cikin ruwan da unguwa ke sha. Dole gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwa ke kaiwa a lokacin da ya fi tasowa. A auna da igiyar guga a rijiyar da ta fi kusa, cikin Agusta ko Satumba, ba a bazara ba. In ruwa yana a mita 4 da damina, rami kada ya wuce mita 2.5. A fadama, inda ruwa ke kusa da fuskar ƙasa, a yi rami mara zurfi, a ɗaga ginin sama da bulo, a kewaye shi da ƙasa. Tsohuwar rijiyar da ta ƙafe kada a mayar da ita masai ko juji. A cike ta da yumɓu, a toshe bakinta da siminti.

Tankin kansa a shafe cikinsa da siminti sosai, a cika shi da ruwa ya kwana biyu don a ga ko yana yoyo kafin a fara amfani da shi. A kwashe shi idan dagwalo ya kai kashi ɗaya bisa uku na zurfinsa, abin da kan ɗauki shekara 3 zuwa 5. Ita ma rijiya a ɗaure mita 3 na samanta da siminti, a yi mata daɓe mai gangare da murfi, kada ruwan kwatami ya koma ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 50 na naitiret a kowace lita, haka ma ma'aunin ruwan sha na Najeriya. Awo ne kaɗai ke nuna shi. A ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a cikin kwana ɗaya. A yi sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen rani. A lura da takardar sakamako: in an rubuta NO3-N, iyakar 11 ce, ba 50 ba.

Idan ya wuce iyaka, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 su ne a gaba wajen haɗari, musamman waɗanda ake dama wa madarar gwangwani ko ake ɗura wa ruwa. Naitiret yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi, leɓe da farce su yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Wanda ya ga haka ya garzaya da yaro asibiti. Nonon uwa zalla na wata 6 kariya ce babba. Kada a ce za a tafasa ruwan ya gyaru: tururi ne ke tashi, gishirin ya rage a tukunya ya ƙara ƙarfi. Alif, kulorin da tata da ƙyalle duk ba sa cire shi. Ruwan yana yin wanka da wanki, amma na sha da na girki sai a ɗebo daga wata rijiyar da aka auna. Ko bayan an rufe masan da ya jawo matsalar, ruwan kan ɗauki shekaru kafin ya wanke, don haka a ci gaba da awo har sai ya sauko.