An goge maka mota: lauya za ka nema ko sulhu ya isa?

Ni ba lauya ba ne. Aikina kula da motocin wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, 'yan a-kori-kura da ƙananan bas, kuma duk direban da ya yi karo a hanya ni yake fara kira kafin maigida ya ji. A wannan aikin na ga cewa yawancin ƙananan haɗurra, irin fasa fitila ko lotsa bamba a cunkoson Ƙofar Nassarawa, takarda da biro da shaidu biyu suna kashe su. Sai dai akwai 'yan kaɗan da suke zuwa da siffar ƙarami, alhali in ka yi sakaci sai su cinye maka shekara guda. Abin da nake koya wa direbobinmu shi ne yadda za su rarrabe su tun ranar farko.

Ko za ka nemi lauya ko ba za ka nema ba, akwai abin da in ya wuce ka a wurin, ya wuce ke nan. Kafin a matsar da motocin, ɗauki hoto: yadda suka tsaya a kan titi, lambar kowace, inda ta bugu, da alamar burki a kwalta in akwai. Ɗauki hoton lasisin ɗaya direban da takardar inshorarsa. Karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin da idonsu, mai shayi ko mai faci da ke zaune a wurin kullum ya fi ɗan kallo mai wucewa. Ba da haƙuri ɗabi'armu ce, ka ba da. Amma kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka ɗauki nauyin komai tun jini bai kwanta ba, domin kamfanonin inshora suna sa sharaɗin kada ka amsa laifi ba da saninsu ba, kuma suna iya fakewa da wannan su ƙi biya.

Tambayar farko da nake yi wa direba a waya ita ce, akwai wanda ya ji ciwo? In amsar e ce, ko da ɗan acaɓa ne ya gurje gwiwa ya miƙe yana cewa ba komai, to a wurina hatsarin ya fita daga sahun ƙanana. Ciwon wuya da na baya sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke bayyana, wanda ya bugu a kai kuma yana iya tafiya gida da ƙafarsa, da daddare ya fara amai da jiri. A kai shi asibiti a ranar, a karɓi kati da rasit na duk abin da aka biya. In ƙashi ne, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan. Kuma kada a rubuta yarjejeniyar "an gama, babu sauran magana" a kan jikin mutum kafin likita ya faɗi nasa. In kai aka ji wa ciwo, za ka yafe haƙƙin da ba ka san girmansa ba. In kai ka ji wa wani, takardar da aka rubuta a gurguje ba lallai ta tsare ka ba ranar da danginsa suka zo da maganar kuɗin magani ko diyyar rauni. A nan kam ka ga lauya, ko da na zama ɗaya ne.

Tambaya ta biyu, motar wane ne? In ta maƙwabcinka ce ko ta wani malamin makaranta da ke tuƙa kayansa, magana mai sauƙi ce, ga mai shi ga ka. In direban haya ne ko na kamfani, ka nemi mai motar, domin a doka ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa in a kan aikinsa yake. Direban da albashinsa bai kai kuɗin fitila ɗaya ba zai yi maka alkawarin duniya, amma ba shi da abin biya. Da 'yan adaidaita sahu abin ya ɗan fi rikici, saboda da yawa suna biyan mashin ɗin ne a hankali, takardu na hannun wanda ya ba su, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Nan shugabannin tasharsu sun fi kotu saurin raba gardama.

Motar gwamnati ita ce wadda ba na wasa da ita. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ce in za ka kai ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aikinsa, cikin wata uku za ka shigar. Hukumomi da yawa kuma dokar da ta kafa su ta wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Mutum zai yi ta zarya ofis ana ce masa oga ya yi tafiya, fayil yana sama, har wa'adin ya shige bai sani ba. In motar ma'aikata ce ta buge ka kuma ɓarnar ta kai a yi magana, ka je wurin lauya a makon farko, ka ci gaba da neman sulhun a gefe.

In babu rauni, kuma mai motar mutum ne da za ka iya samu, sai a koma lissafi. Kada ka yi ƙiyasi a bakin titi. Kai motar wurin fanalbitan da ka yarda da shi, a buɗe bonet a duba, saboda bugun da ya lotsa bamba yana iya taɓa lagireto ko kwandensar AC ba a gani daga waje. Ka sa a tambayo farashin kayan a Ƙofar Ruwa, sabo da ɗan Beljiyam, a rubuta. Sai ka ajiye wannan adadi a gefe guda, ka ajiye kuɗin lauya, da kuɗin shigar da ƙara, da ranakun da za ka bar kasuwa ko ofis ana ɗage zama a ɗaya gefen. A ce gyaran naira dubu ɗari da hamsin ne, ɗayan ya ce dubu ɗari zai iya. Dubu hamsin ce tsakaninku. Wanda ya ɗauki lauya a kan wannan, garin neman ƙiba zai samo rama. Na san zafin rai, musamman in mutumin ya buge ka kuma ya fito yana yi maka tsawa, amma kotu ba ta biyan kuɗin tsawa.

Kafin ka ce mutum ya biya daga aljihunsa, ka duba inshorarsa, abin da mutanenmu suke ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya kan ɓarnar dukiyar wani daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Wannan inshorar motar wanda aka buga take gyarawa, ba ta mai ita ba. In kai ka yi bugun, taka sai in cikakkiyar inshora ka yi. Matsalar ita ce ta jabu ta yi yawa, don haka ka sa lambar motar a rumbun NIID na kamfanonin inshora ta wayarka, ka ga ko ta gaske ce. In ta gaske ce, a sanar da kamfanin da wuri, a haɗa hotuna, ƙiyasin gyara da rahoton 'yan sanda, kuma kada a taɓa motar sai sun turo mai dubawa. Wannan duk kai za ka iya yi da kanka. Lauya yana shigowa ne in kamfanin ya ƙi biya ko ya yanke kuɗin ba hujja, shi ma bayan ka rubuta ƙorafi ga NAICOM.

Sulhun da ya ƙare a "Allah ya kiyaye gaba, zan turo maka" shi ne yake dawo mana da rigima. A rubuta. Sunan kowa, lambar motoci, ranar da wurin, nawa za a biya, yaushe, a wane gareji, sannan kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. A biya ta banki don a sami shaida. Amfanin wannan takarda ya wuce tunatarwa: ta mayar da gardamar wa ke da laifi zuwa bashi mai adadi. Bashi mai adadi kuwa Kano tana da kotun ƙananan da'awa tun 2019, wadda aka tsara don mutum ya tsaya da kansa ba tare da lauya ba, a gama cikin kusan wata biyu. Kafin nan ma akwai mai unguwa, akwai Hisba, akwai cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha. A kotun Musulunci kuma ƙa'idar a fili take, wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ne ko bisa kuskure.

Saura 'yan sanda. Rahoton sashensu na kula da zirga-zirgar motoci, MTD, yana da amfani, inshora ma tana nemansa. Amma in ka ga an riƙe motarka kwana da kwanaki, ko an tsare direbanka ana cewa sai an biya kuɗin gyara, ko ana maganar gurfanar da kai kan tuƙin ganganci, to magana ta koma ta laifi, kuma kiran lauya ya wajaba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin kuɗi zalla, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauyanka kafin ka rubuta bayani. Na lura sau da yawa zuwan lauya caji ofis da kansa yana sauya yadda ake yi wa mutum magana.

In ka yanke za ka nema, ka sani cewa sayen shawara daban, ɗaukar lauya ya yi maka shari'a daban. Mafi yawan lokaci na farkon muke yi: mu biya kuɗin zama ɗaya, ya karanta takardu, ya gyara mana yarjejeniya, ko ya rubuta wasiƙar neman biya a kan takardar ofishinsa. Wasiƙar nan kaɗai takan sa mai taurin kai ya ɗaga waya. Ka je masa da hotuna, rasitai da lambobin shaidu, ka tambaye shi kai tsaye: "Barista, nawa zan iya samu, nawa zan kashe, kuma wata nawa zai ɗauka?" Wanda ya rantse maka cewa nasara tabbas ce tun bai ji ɗaya ɓangaren ba, ka nemi wani. Ku rubuta kuɗinsa, ko dunƙule ne, ko na kowane zama, ko kaso daga abin da aka karɓo, da wanda zai biya kuɗin kotu da na mota. Wanda ba shi da hali kuma ya gwada ofishin hukumar ba da taimakon lauya kyauta, Legal Aid Council, na jiharsa, domin dokarsu ta 2011 ta haɗa da da'awar da ta shafi haɗari ga masu ƙaramin ƙarfi.