Darasi na Tara: Shuka Tsohon Wardi Mai Ƙamshi da Amfani da Furensa

Wardi iri-iri ne. Akwai mai dogon kara da ake sayarwa a ɗaure, kyakkyawa a ido, amma sau da yawa in ka kai hanci sai ka ji babu komai. Wanda za mu koya yau shi ne tsohon wardi, mai yin duhuwa da rassa da ƙaya, furensa cike da ganye a kan ganye. Masana lambu suna kiran wardi tsoho idan jinsinsa ya riga shekarar 1867, wato shekarar da Guillot, wani mai renon fure a Faransa, ya fito da irin da ya sa wa suna La France. Daga shi aka shiga wardin zamani.

Mafi shahara a cikin tsofaffin shi ne wardin Dimashƙu. Ana noma shi a kwarin Kazanlak na Bulgeriya, da Isparta a Turkiyya, da yankin Kashan a Iran, da Ta'if a Saudiyya. Sai an tara kimanin kilo 3,000 zuwa 4,000 na furensa kafin a tatsi kilo ɗaya na mai. Shi ya sa turarensa yake da tsada.

Yadda ake shukawa

Zaɓi wurin da rana ke bugawa aƙalla awa shida a yini, inda ruwa ba ya kwanciya. Wannan iri ya fi yin fure a inda ake samun sanyi a wani ɓangare na shekara. Haƙa rami rabin mita faɗi, rabin mita zurfi. Gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Bar tazarar mita ɗaya ko fiye tsakanin gindi da gindi.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, a ƙoshe. Ganyen da ya kwana da jiƙa shi ke kamuwa da ciwon baƙin ɗigo, ya yi rawaya ya zube. In ka ga irin wannan ganye, tsince shi ka ƙone.

Yankan rassa

A nan mutane da yawa suke asarar furen shekara guda. Yawancin tsofaffin wardi sau ɗaya suke fure a shekara, kuma a kan rassan bara suke yinsa. Wanda ya datse su kafin lokacin fure ya yanke furensa da hannunsa. Jira sai furen ya gama zuba. Sannan ka cire busassun rassa da waɗanda ke gogar juna, ka yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon sauran. A ganina, makonnin nan kaɗan na ƙamshi sun cancanci haƙurin shekara.

Tsinka da amfani

Tsinki fure da sassafe, yana buɗewa, raɓa ba ta bushe ba. Da rana ta yi zafi, man da ke ɗauke da ƙamshin zai fara tashi. Furen da aka yi wa feshin magani kuwa, kada a sa shi a jiki ko a baki.

Don yin ruwan wardi, zuba ganyen furen kansa, ba koren ganye ba, a tukunya mai tsabta, ka ƙara ruwa daidai yadda zai rufe su. Rufe, ka sa wuta kaɗan-kaɗan, kada ya tafasa da ƙarfi. In launin furen ya koɗe, sauke, ka bari ya huce, ka tace cikin kwalba. Ajiye a firiji, a yi amfani da shi cikin mako guda. Sauran furen a shanya a inuwa, a baje, har su yi ƙaras-ƙaras, a ƙulla a ƙyalle a sa cikin akwatin tufafi.

Aikin gida

Rubuta amsa a littafinka: yaushe ake yankan rassan tsohon wardi, kuma me ya sa?