Numfashin 4-7-8 Idan Barci Ya Ƙi Zuwa

Gobe jarrabawa, abokan ɗaki sun yi nisa da minshari, kai kuwa ido biyu. Gwada dabarar da likitan Amurka Andrew Weil ya yaɗa.

1. Ajiye wayar nesa, ba ƙarƙashin matashi ba.
2. Ɗora harshe bayan haƙoran sama, ka fitar da iskar ƙirjinka duka ta baki.
3. Rufe baki, ja numfashi ta hanci, kana ƙirgawa a zuci har 4.
4. Riƙe shi har 7.
5. Sake shi ta baki sannu a hankali har 8. Kar ka yi gaggawa a nan, doguwar fitar iskar ce ke lafar da bugun zuciya.

Sau 4 ya isa da farko. In ka ji jiri, dakata.