Yadda Za Ka Mayar Da Ɗanka Daga Sakkwato Zuwa Sakandaren Gwamnati A Bakin Tekun Legas

Magidancin da kasuwanci ko aiki ya kai shi Ojo, Badagry ko Epe, kuma ya yanke shawarar ɗauko iyalinsa daga Sakkwato, ya sani cewa mafi yawan aikin canza wa yaro makaranta a nan gida ake gama shi, tun kafin a shiga mota.

Fara da shugaban makarantar da yaron yake. Karɓi takardar canjin makaranta mai hatimi da sa hannu, tare da sakamakon kowane zango, domin makin da ake tarawa a aji yana shiga lissafin jarrabawar WAEC da NECO. Idan ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare, haɗa da sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Kada a manta da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN, kuma a duba a ga sunan yaro iri ɗaya ne a ko'ina, saboda wanda aka rubuta Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, zai sha wahala a gaban jami'in da bai san suna ɗaya ba ne.

Lokaci ma abin dubawa ne. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, don haka dogon hutu ya fi dacewa da ƙaura. A ganina, yaron da ya shiga ajin ƙarshe gara a bar shi wurin kawunsa ya rubuta jarrabawarsa a Sakkwato.

A Legas, makarantun sakandare na jiha suna ƙarƙashin gundumomin ilimi 6. Ojo da Badagry suna gunduma ta 5, Epe da Ibeju-Lekki da Eti-Osa kuwa suna ta 3, kuma ofishin gundumar da gidanka yake ciki shi ne wurin da za ka fara tambaya. Yi rajistar zama ta LASRRA, wato hukumar rajistar mazauna Jihar Legas, tun da wuri, kai da yaron, ka kuma tanadi shaidar biyan haraji. Ƙaramar sakandare da babba kowace da shugabanta, ko da a harabar guda suke.

Sai batun da ya fi damun iyaye. Mun saba da Kwalejin Nagarta ta maza da makarantar Nana ta mata, alhali yawancin makarantun jeka-ka-dawo na Legas maza da mata suna zama aji ɗaya. Zauna da yaronka, namiji ne ko mace, ka faɗa masa abin da zai tarar da iyakar da tarbiyyar gidanku ta gindaya, sannan ka je ka gaisa da malamin ajinsa, ka riƙa halartar taron iyaye da malamai. Game da hijabi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin jihar, sai dai a tambayi launi da tsawon da suka dace da yunifom kafin a kai wa tela.

Dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci, saboda haka a samar wa yaro wanda zai riƙa yi masa bita a unguwa, a kuma ƙarfafa Turancinsa, tunda malami ba zai juya bayani zuwa Hausa ba.

Kafin ka amince da makaranta, taka hanyarta da ƙafarka bayan an yi ruwa. Daminar bakin teku ta fi tamu tsawo, tana tsananta a Yuni da Yuli, ta sake dawowa wajen Satumba da Oktoba, kuma unguwannin da ke kusa da ruwa kan cika har hanya ta yanke. Zaɓi wadda yaro zai isa da ƙafa ko da mota ɗaya, ka saya masa rigar ruwa da jakar da ba ta jiƙa littattafai, ka kuma nemo Islamiyyar da lokacinta bai ci karo da tashin makaranta ba.