Yadda Za a Kare Rijiyar Gida Daga Baƙin Mai da Fetur

Duk lokacin da aka ambaci ɓarnar da man fetur ke yi wa ƙasa da ruwa, hankalin mutumin Zariya yakan tafi yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, sai ya ɗauka abin ya yi masa nisa. Gaskiya ne ɓarnar can ta fi ƙarfin kwatance. A rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011, an bayyana cewa mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin (wata guba da ake samu a man fetur) da ke cikinsa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Sai dai hanyar da mai ya bi ya isa rijiyoyinsu ita ce dai hanyar da yake bi ya isa namu: ya zuba a ƙasa, ƙasa ta shanye, ruwan damina ya tura shi ƙasa. A nan ba a haƙo mai, amma kusan kowane gida akwai janareta ko babur, kuma daga Kwangila zuwa Sabon Gari da Tudun Wada garejin bakanike ba ya ƙirguwa.

Abu na farko shi ne yadda ake juyen mai. Kafin a kwance kusar da ke ƙarƙashin inji, a shimfiɗa buhu ko kwali, a ɗora faffaɗan kwano a kai, sannan a bar man ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe ba tare da gaggawa ba. Daga nan a sa mazurari a juye shi cikin jarka mai murfi, wadda aka ware don wannan aiki kaɗai, a rubuta mata alama don kada wata rana yaro ya ɗauke ta zuwa famfo. Matatar man inji (filta) da aka cire ita ma cike take, saboda haka a kife ta a kan kwanon ta kwana kafin a yar. Kada a haɗa baƙin mai da fetur ko man birki ko ruwa, domin haɗin yana hana a sake sarrafa shi, kuma masu zagayawa gareji-gareji suna sayensa sukan ƙi karɓa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa man da aka zuke daga mota ɗaya a juye ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, wanda ke nuna cewa 'yar ragowar da ake watsarwa a kwata ba ƙaramin abu ba ce.

Idan ya zube duk da haka, kada a kore shi da ruwa, don ruwan yaɗa shi kawai zai yi. A barbaɗa yashi ko garin katako, a bar shi ya tsotse, a kwashe da shebur har da ƙasar da ta jiƙe a zuba a buhu mai leda a ciki.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne wajen amfanin da muka ƙirƙira wa baƙin mai. Ana zuba shi a masai don kashe wari da kyankyasai, ana yayyafa shi a ƙofar gida don ƙura ta kwanta lokacin hunturu, wasu ma har shafa wa dabbobi suke yi don maganin kaska. Zuba shi a masai ya fi duka muni, saboda an kai shi kai tsaye zurfin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, ba tare da ya ratsa ƙasar da za ta riƙe wani sashe nasa ba. Yawancin rijiyoyin da aka haƙa da hannu a Zariya ba su da zurfi, kuma a watan Agusta ruwa kan taso har guga ta taɓa shi da gajeriyar igiya. A cikin birni kuwa, inda katangar wannan gida ita ce ta wancan, masan maƙwabci na iya zama taku goma daga rijiyarka. Toka ko farar ƙasa sun isa rage warin masai, murfi mai kyau kuma ya tare ƙwari. Ƙona baƙin mai ma ba mafita ba ce, domin hayaƙinsa na ɗauke da ƙarafan da inji ya goge a ciki. Shi kuwa bakaniken da ya saba wanke hannu da fetur, ya sani benzin da ke cikin fetur yana shiga jiki ta fata da numfashi, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Sabulu da garin katako sun wadatar.

Sai rijiyar kanta. A ɗaga bakinta sama da ƙasa, a yi mata daɓen siminti mai gangara zuwa waje, a rufe ta, kuma a kai janareta da jarkokin fetur can nesa, ta ɓangaren da ruwan tsakar gida ke gangarawa idan ya wuce rijiyar. Mai shirin haƙa sabuwa ya duba ko akwai gidan mai, ko gareji, ko teburin 'yan bumburutu a saman gangaren, tunda tankin da aka binne yana iya yoyo shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Mai shakkar ruwansa yana iya yin gwaji mai sauƙi da safe, kafin kowa ya ja. A ɗebo a faffaɗar roba, a ajiye a inuwa, a sunsuna, sannan a duba samansa ta gefe. In an ga wani sheƙi mai launin bakan gizo, a taɓa shi da tsinke: idan ya farfashe gutsure-gutsure ya tsaya a haka, galibi tsatsar ƙarfe ce ta cikin ƙasa, amma idan ya kewaya tsinken ya sake haɗewa, to mai ne. Rashin sheƙi ko wari ba hujja ba ce cewa ruwan ya tsira, domin benzin yana narkewa a ruwa ido bai gan shi ba.

Da zarar an ga alama, a daina sha da girki da ruwan, a kuma sanar da maƙwabta, tunda jijiyar ruwan ɗaya ce. Tafasawa ba ta cire ƙarafa, tururin kuma yana fitar da benzin cikin ɗakin girki, alif ma laka kawai yake kwantarwa. A cika tsabtatacciyar kwalbar gilashi har baki, ba robar ruwa ba, a rufe ta gam, a sa ta cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji a ranar. Ana iya tuntuɓar sashen nazarin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa, a tambayi irin gwajin da suke yi. Idan zargin ya faɗa kan gidan mai ko bututu, a rubuta ƙorafi ta hannun mai unguwa zuwa hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna da kuma NOSDRA, hukumar tarayya da aka kafa a 2006 don kula da malalar mai, a haɗa da hotuna, da kwanan watan da aka fara jin warin, da sakamakon gwajin.